Masu lissafin da suka nuna inda za a huda ƙanƙarar Antatika

A watan Janairun 2025 masana kimiyya na Turai suka sanar da cewa na'urar haƙarsu ta taɓo dutse a zurfin mita 2,800, a wurin da ake kira Little Dome C a gabashin Antatika. Ƙanƙarar da suka zaro ta kai aƙalla shekara miliyan 1.2. An yi ta yabon waɗanda suka jure sanyin maki 35 ƙasa da sifili, kuma sun cancanta. Amma ni a ganina, rabin nasarar ta masu lissafi ce, waɗanda suka shafe shekaru gaban kwamfuta kafin su ce a haƙa nan.

Abin da ake nema ƙanƙani ne. Dusar ƙanƙara idan ta yi ta danne juna har ta daskare, takan kulle 'yan kumfar iska a cikinta, iskar zamanin da ta zuba. Wani ramin da aka kammala a 2004 a Dome C, kusa da Little Dome C, ya ba da tarihin shekara 800,000, inda aka ga iskar kabon ba ta haura kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta wuce 420. Sai dai tarihin ya tsaya gab da inda ake buƙatarsa. Wajen shekara miliyan ɗaya da ta wuce, zamanin tsananin sanyi da ke zagayowa duk shekara 41,000 ya koma zuwa duk shekara 100,000, kuma har yanzu ana muhawara kan dalili.

Mutum zai ɗauka inda ƙanƙara ta fi kauri nan ta fi tsufa. A nan tarkon yake. Ƙanƙara mai kauri bargo ce: tana riƙe zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa, nauyinta kuma yana sa ta narke da wuri. Sai gindin ya riƙa zagwanyewa a hankali, mafi tsufan ya bi ruwa. Tsohon ramin Dome C ya zarce mita 3,200, amma sabon da bai kai shi zurfi ba ya fi shi nisan tarihi, domin yana bisa tudun dutse da ke binne, inda gindin ya fi sanyi. Gano irin wannan wuri sai da kwaikwayon kwamfuta: a haɗa yawan dusar da ke zuba a shekara, da saurin malalar ƙanƙarar, da kaurinta, da zafin ƙasa, a fitar da shekarun kowane zurfi.

Lissafin yana da rauni, ba a ɓoye ba. Zafin da ke ƙarƙashin kilomita uku na ƙanƙara hasashensa ake yi, kuma kuskure kaɗan na iya sauya amsar. Shi ya sa aka bi yankin da na'urar rada, ta jirgin sama da ta ƙasa, ana duba shimfiɗun ƙanƙarar ɗaya bisa ɗaya. Wannan jinkirin ya fi araha a kan a kwashe shekaru ana haƙa ramin da gindinsa ruwa ne.

Wasu za su ce a Allan Hills, wani yanki na Antatika, an samu ƙanƙarar da ta haura shekara miliyan biyu kusa da sama, ba tare da wannan wahala ba. Gaskiya ne, kuma tana da daraja. Amma guntaye ne a warwatse, kamar shafukan da aka yage daga littafi. Mai son sanin yadda yanayi ya juya yana buƙatar shafukan a jere, ko da a matse suke. A can ƙasan Little Dome C, mita ɗaya na ɗauke da shekara kusan 13,000.

Mita 210 na ƙarshe a ramin sun fito a murɗe, wataƙila ma shimfiɗunsu sun cakuɗe. Masanan Ostareliya na haƙa nasu ramin a yankin Dome C, kuma idan ƙanƙararsu ta fito za a samu abin da za a gwada wannan da shi.