Korona a jikin yara: wane yaro ne ya kamu?

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023, mutanenmu suka tattara zancen suka ajiye. Dama ana cewa ba ta kama yara. Tana kama su, sai dai yawanci da sauƙi: zazzaɓi, tari, majina, ciwon maƙogwaro, kasala, wani lokaci amai da gudawa. Bayan zuwan nau'in Omikron a ƙarshen 2021, aka riƙa ganin ƙananan yara da wani busasshen tari mai kama da haushi. Mura ma haka take zuwa, don haka alamun kaɗai ba sa nuna wanda ke cikin haɗari.

A nan Ingila, in ka kira layin lafiya kan ɗanka, tambayoyin farko kan shi yaron ne. Watansa nawa? Bakwaini ne? Yana da wata lalura? Jaririn da bai kai wata 3 ba, zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a ce ka tafi. A gida Najeriya kuwa, jiki na yin zafi sai a yanke cewa maleriya ce, a nufi kemis. Ban ga laifin zargin maleriya ba, don ita ma tana kisa. Laifin shi ne tsayawa a nan.

Waɗanda aka fi ba wa gado sanannu ne: jarirai 'yan ƙasa da shekara, bakwaini, masu ƙiba sosai, masu ciwon suga, ciwon zuciya ko na huhu, masu farfaɗiya, da waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana. Sai masu sikila, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawansu. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan yara 469 da aka kwantar saboda korona a ƙasashen Afirka 6, har da Najeriya, ya nuna 39 sun rasu.

A ganina abin da ya fi kamata mu ara daga nan ba ya buƙatar na'ura. A ɗaga rigar yaro lokacin da ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In fatar ƙarƙashin haƙarƙari tana lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, ko yana barcin da ba ya tasuwa, kada a jira gari ya waye.

Akwai kuma wata matsalar da likitocin Ingila suka fara ankarar da duniya a kanta a Afrilun 2020. Mako 2 zuwa 6 bayan yaro ya warke daga korona, sai zazzaɓi ya dawo ya ƙi sauka, ga ciwon ciki, ƙuraje, jan ido, leɓɓa suna tsagewa. Ba ta da yawa, amma tana taɓa zuciya. In hakan ta faru, a gaya wa likita cewa yaron ya yi mura kwanakin baya, ko da bai tambaya ba.