Yaron da ake kira Aku

A unguwarmu a Daura akwai wani yaro ɗan shekara biyar, in ka ce masa "ina kwana?" sai ya mayar maka da "ina kwana?", har da karin muryarka. Yara sun laƙaba masa Aku. Likita ya ce otizim ne, lalurar da wasu ke kira galahanga. Kakarsa ta ce iskokai ne, a nemo hayaƙi.

Sunan nan ya tsaya mini a rai, domin akwai gaskiya a cikinsa, sai dai guntuwa ce.

Duk wanda ya taɓa sa wa kaza ƙwan zabi ya san ƙarshen labarin. 'Ya'yan za su bi ta kamar ita ta haife su, amma ran da suka girma kukan zabi za su yi. Da shi aka halicce su. Aku da kanari kuwa sai sun ji kafin su iya, kamar ɗan Adam. Masanin tsuntsaye Peter Marler ya nuna a Amurka cewa wani ɗan tsuntsu mai kama da gwara, in bai ji waƙar danginsa tsakanin kwana 10 zuwa 50 da ƙyanƙyasa ba, waƙarsa ba ta daidaituwa. Daga baya aka gano cewa in tsuntsu mai rai ne ke koya masa, ba kaset ba, ƙofar koyon takan daɗe a buɗe. A 2003 masaniyar yadda yara ke koyon harshe Patricia Kuhl ta ga irin haka ga jariran Amurka 'yan wata tara: sun kama sautukan Sinanci daga bakin mutumin da ke zaune gabansu, daga bidiyo kuwa ko kaɗan. Iyayen da ke miƙa wa yaro waya don ya koyi magana, ku ji da kyau.

Iyakar amfanin kwatancen ke nan a ganina. In aka zarce, sai a yi ɓarna, kuma manya sun yi ta. Niko Tinbergen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973 kan nazarin halayyar dabbobi, ya kalli yara masu otizim da idon da yake kallon tsuntsayen bakin teku. Ya ce tsoro ne ke sa su janye jiki, ya danganta abin da yanayin reno, ya goyi bayan uwa ta ƙanƙame yaro da ƙarfi ko yana kuka. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke da babban kaso wajen kawo otizim, an kuma yi watsi da wancan magani. Amma iyaye mata nawa suka kwana suna zargin kansu kafin nan?

Maimaitawar ma ba hayaniyar banza ba ce. Tun 1981 masanin lalurar magana Barry Prizant ya nuna cewa yara masu otizim kan yi amfani da ita su nemi abu, su amsa, ko su riƙe hira. Mu da muka yi karatun allo bai kamata abin ya zama mana baƙo ba. Wa ya san ma'anar abin da yake biyawa ranar da aka fara ɗora masa?

Yayar yaron ce, 'yar shekara tara, ta fara ganewa. Kullum da rana ya kan zo bakin randa ya tsaya ya ce, "Kana son ruwa?" Manya suna ta dariya, ita kuwa ta ɗauki moɗa ta ɗebo masa. Ya shanye tas.