Flagyl ba maganin gudawar salmonella ba ne

A Kano, da an ga gudawa da murɗar ciki da zazzaɓi, sai a ruga kemis a sayo Flagyl. Alhali in ƙwayar salmonella ce, wadda ake ɗauka a ƙwai ko kazar da ba ta dahu sosai ba, Flagyl ba ya kashe ta. Yawanci ciwon kan lafa da kansa cikin kwana 4 zuwa 7.

Abin tsoron shi ne ƙarewar ruwan jiki, balle da zafin bazara. A dama ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, da tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai. In akwai jini a bayan gida, ko fitsari ya ɗauke, ko jariri ne ko tsoho, don Allah a garzaya asibiti.