Doki 40 a kafaɗa ɗaya

Duk wanda ya ce maka Sakkwato rana ce da rairayi kawai, bai taɓa tsayawa bakin gulbin Rima a watan Agusta ba. Da rani akwai wuraren da yaro zai naɗe wando ya tsallake, amma bari damina ta zauna, a kuma saki ruwa daga madatsar Goronyo, sai ka nemi gonakin fadama ka rasa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har mutane suka koma shiga kwalekwale, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Tun daga shekarar nan surukina ya ƙudurta cewa ya gama dogara da gora da filafili. Ya yi ta tari har ya sayo jirgin katako daga Yawuri, ya haɗa da inji Yamaha mai ƙarfin doki 40, yana fiton mutane da kayansu a wani ƙauye gaba da Kwalkwalawa.

Injin nan yana da ɗakinsa a gidan. Yana da bargonsa. Ni da na auri 'yar gidan, iyakata tabarma a zaure.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma a zamanin da nake zuwa zance na taɓa gaya wa uwargida cewa na yi kokawa a ƙauyenmu. Gaskiya na faɗa, ba ta dai tambaye ni ina aji nawa a firamare lokacin ba. Ita kuwa ta kwashe labarin ta kai gidansu, ƙannenta suka adana shi shekara da shekaru suna jiran ranar da zai yi amfani.

Ranar ta zo ne da injin ya daina fitar da ruwa. Irin waɗannan injina da ruwan gulbin suke sanyaya kansu: akwai 'yan ramuka a ƙasa kusa da farfela da ke zuƙo ruwa, wata 'yar roba mai fukafukai ta tura shi sama ya zagaya, sannan ya tsarto ta baya. In ka ga tsartuwar nan ta tsaya, kashe inji kawai, in ba haka ba ya ƙone. Aka kawo shi birni wajen makanike aka canza robar. Sai Baba ya kira 'yarsa ya ce tunda Malam ba ya zuwa makaranta ran Asabar, ya taimaka ya rako injin gida.

A garejin ina amsa waya aka loda shi bayan a-kori-kura, don haka ban lura da yara nawa suka kama ba. Makaniken dai ya ja ni gefe ya yi mini huɗuba. Kada in bari ƙafar ta fi kan tsawo, don sauran ruwan da ke ciki zai iya gangarawa cikin injin. Kada farfela ta daki ƙasa. Kada a ɗaga shi ta murfi. Ya ƙara da cewa nauyinsa ya ɗan haura kilo 70. Nan take na buga lissafi a kaina: buhun siminti kilo 50 ne, wato wannan bai ma cika buhu ɗaya da rabi ba, ni kuwa da ake ginin ɗakina na sha taya leburori sauke siminti. Har yau ban ga inda lissafin nan ya karkace ba.

Direba ya tsaya can bisa tudu ya ce motarsa ba ta shiga laka. Baba yana zaune gindin bishiya da wasu dattawa, na je na durƙusa muka gaisa, ya ce a kira samari su sauke kaya. Sai babban ƙanen matata, wanda Allah ya hore wa baki, ya ce:

“Baba, mi za a kira samari? Ga Malam ɗan kokawa.”

Baba ya ce, “A'a, ku kama mai. Mutum biyu ka ɗaukar abinga, wani lokaci ukku.”

Da na yi shiru a nan, da yanzu ina tafiya a miƙe. Amma dattawa sun zuba mini ido, mata masu wanki a bakin ruwa sun tsaya da bugu, ga kuma kunyar suruki. Na ji bakina yana cewa, “Haba Baba, wanga ɗan abu?”

Na tuɓe kaftani, na miƙa wa autan gidan hulata da waya. Takalmin ne ban cire ba, sau-ciki ne mai santsin ƙasa wanda nake zuwa Juma'a da shi, don ba a zuwa gidan surukai da silifa.

Abin da makaniken bai faɗa ba shi ne yadda aka raba kilo 70 ɗin nan. Buhu yana da mutunci, in ka aza shi a kafaɗa sai ya kwanta ya bi jikinka. Injin jirgi turmi ne aka kafa a kan taɓarya: duk nauyin yana can sama a kai, ƙasa kuwa doguwar ƙafa ce siririya da ta ƙare da wuƙaƙe uku. Babu inda za ka kama hannunka ya cika. Murfin sulɓi gare shi, jikin duk maiƙo, hannun tuƙin kuma lilo yake yi yadda ya ga dama. Yaran suka ce, “Mu aza ma?” Na ce su aza. Suka aza, suka ja da baya da sauri, abin da ya kamata ya sa ni tunani.

Wani abu ya ce ƙas a gadon bayana. Na yi murmushi saboda masu wanki.

Takun farko lafiya. A na biyu hannun tuƙin ya juyo ya gaishe ni a kunne. Na karkata kai, sai nauyin ya bi ni, na karkato, ya riga ni dawowa. Farfela tana shafar ƙwaurina tana neman wandona. Ajiyewa ba ta yiwuwa, don an ce kada farfela ta taɓa ƙasa, komawa mota ba ta yiwuwa, don juyawa na buƙatar ƙugu, ni kuma nawa ya riga ya yi sallama. Gwiwoyina suka kama kaɗawa, ƙanen matata kuwa ya biyo ni a baya yana kirari da ƙarfi: “Sai kai gagara-badau! Namijin duniya, mijin Yaya! A buɗe hanya, doki arba'in bisa doki guda!”

Daga tudu zuwa ruwa gangare ne, ƙarshensa kuma laka ce irin ta fadama, baƙa mai sheƙi, wadda shanu suka riga suka tattake. Ƙafar dama ta tafi gabas ba da izinina ba. Ta hagu ta tsaya tana shawara.

Mutane suna cewa faɗuwa ba ta ba da lokacin tunani. Ƙarya ne. Tsakanin sama da ƙasa na tuna cewa sabon injin nan kuɗinsa miliyoyi ne, na raba da albashina, na ga shekarun da za su fito, na kuma tuna sadakin da na biya bai kai kuɗin farfelar kaɗai ba. Saboda haka na yanke shawarar in riga shi isa ƙasa. Na faɗi rigingine, ya sauka a ƙirjina, kansa a sama ƙafarsa a ƙasa, daidai yadda makanike ya yi umarni. Ina so a rubuta wannan a ajiye, don ƙannen matata ba sa haɗawa da shi in suna ba da labarin.

Sai salati ya tashi, kowa ya sheƙo da gudu. Na ji daɗi a raina, na ce ashe ana ƙaunata a garin nan. Suka ɗaga injin a hankali, suka wuce da shi kan ciyawa. Baba ya tsuguna, ya bi fukafukan farfela ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya buɗe murfi ya leƙa, ya sa bakin rawaninsa ya goge laka. Can ya yi ajiyar zuciya.

“Alhamdu lillahi, ba abin da yas same shi.”

Daga cikin laka na amsa, “Na gode, Baba.”

Wani dattijo ne ya tuna da ni, ya miƙo mini sandarsa.

Ina tsaye ina ɗiga na ga yadda ake yi. Samari biyu, sirara, waɗanda in a aji suke ba zan aike su ɗauko tebur ba: ɗaya ya rungumi kan ta ƙasan murfi, ɗaya ya riƙe ƙafar, suka gangara a karkace ba takalmi, yatsunsu na kama laka. Suka rataya shi a katakon bayan jirgi, suka murza notinan nan biyu masu hannu har suka kama tam, suka ɗaura igiya a jikinsa suka ƙulla a jirgi ko da zai kuɓuce. Aka jona jan tankin da aka riga aka gauraya fetur da baƙin mai a ciki, aka matsa 'yar robar tiyo har ta yi tauri, aka fizgi igiya. Ya tashi da hayaƙi, ruwa ya tsarto ta baya. Baba ya yi murmushin da ban gani ba ko ranar ɗaurin aurenmu.

Inna tana tsallake, an ce ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kifi, don haka ba halin komawa. Na wanke abin da ya wanku na shiga jirgi, na zauna can baya kusa da direba don in nuna babu gaba tsakanina da injin. Akwai masu buhuna, da mai babur, da akuya, da wata Bafulatana da ta sauke ƙwaryar nononta a tsakiyar jirgi ta zauna tana gadi.

Da muka kusa gaci ruwa ya yi ƙasa. A irin wurin dole a kashe inji a ɗaga ƙafarsa sama, don kada farfela ta ci ƙasa, kada kuma ramukan nan su zuƙi yashi su cinye sabuwar robar. Ƙanen matata ya kashe, ya ɗauki gora, ya ce, “Malam, ɗaga muna ƙahwar, kai ad da ƙarhi.”

Wannan kam ba ɗauka ba ce, karkatarwa ce kawai: ka kama bayan kan, ka jawo shi wajenka, ƙafar ta tashi. Na kama na ja. Ko gezau. Na gyara tsayuwa na sake ja, jirgi ya yi tangal-tangal, akuya ta yi kuka, inji yana nan inda yake. Shawara ta fara zuwa daga ko'ina. Mai babur ya ce in sa gwiwa. Wani ya ce in tura maimakon ja. Wani tsoho ya ce, “Yaro, ka yi bisimilla kuwa?”

Na saki don in ja numfashi in goge zufa. A cikin wannan ɗan lokacin, kamar yadda shaidu suka tabbatar daga baya, autan gidan ya zura hannu ƙarƙashin kan injin ya taɓa wani ɗan ƙarfe, ya ce ƙit. Bai ce mini komai ba. Yaron da na saya wa littafin lissafi da kuɗina.

Na tofa yawu a tafi, na yi bisimilla da ƙarfi don tsohon ya ji, na tattaro duk abin da ya rage a jikina da na kakannina, na fizga.

Injin ya taso salin-alin. Ƙarfin da na tara kuwa bai sami inda zai je ba sai baya, ya tafi da ni. Na tsallake benci ɗaya da ƙafafu a sama, na zauna daram cikin ƙwaryar nono.

Jirgin ya yi tsit, ban da akuya. Bafulatana ta dubi ƙwarya, ta dube ni, ta ce, “Aradu Kaɗo, ka saye.” Na ce ai ban sha ba. Ta ce ita ba ruwanta da ta inda na sha. Ta yi kuɗin nono, ta yi na man shanu, ta yi na ƙwarya da ta tsage, ta yi na faifai, har ludayin da ya tsira ta sa a lissafi, wai ya firgita. Ni da nake koyar da lissafi ban iya kama ta da kuskure ko na naira ɗaya ba. Autan ya miƙo mini wayata na tura mata ta asusun mai babur.

Baba bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya matso ya nuna mini ɗan ƙarfen, ya ce makulli ne, shi ke riƙe ƙafar kada ta yi tsalle sama in an sa giyar baya, kuma muddin yana kulle, jirgin gaba ɗaya nake ƙoƙarin naɗewa. “In ka buɗe shi, ko wanga yaro na ɗagawa.” Na ce to ai ba wanda ya sanar da ni. Ya ce, “Gaskiya na, Malam.” Bayansa ƙanen matata ya durƙusa a ruwa ya rungume gora, kafaɗunsa na rawa.

Tuwon na ci shi a tsaye, sanye da wandon Baba da ya tsaya mini a ƙwauri, ƙudaje na bin sawuna. Inna ta yi ta sannu daga bayan ƙyaure, muryarta na sarƙewa, wai tari ne ya kama ta.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Uwargida ta tare ni da ruwan zafi da man zafi, ta ce, “Sannu Malam, an ce kai kac ceci injin Baba.” Na ce haka ne, na ji daɗi da aka sami mai fahimta guda. Sai ta tambaya ko in tana son nono nan gaba ta aike ni. Maɗori ya zo ya murza ya ce ba karaya, tsoka ce ta harɗe. Sallah dai a kujera na yi ta yi, a makaranta kuma ɗalibai suka lura rabin allo na ƙasa kawai nake rubutu, mai tsawo a cikinsu yake rubuta mini kwanan wata.

Shekaranjiya Baba ya sake kira. Kasuwar fito ta yi kyau bana, yana cinikin wani injin mai doki 75, wanda aka ce ya haura kilo 100, kuma a birni za a karɓo shi. Uwargida ta rufe bakin waya da hannu ta ce Baba na tambaya wace Asabar ce ba ni da aiki. Jiya da sassafe na sami shugaban makarantarmu a ofis, na roƙe shi ya ba ni darasin Asabar na 'yan aji shida har ƙarshen zango, ba sai an biya ni ba.