Ba duk Indiya ake magana da yaren fim ba

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mukan ɗauka ko'ina a ƙasar Hindi ake yi. Ba haka ba ne. A Lasalgaon, wani ƙaramin garin manoma a gundumar Nashik ta jihar Maharashtra, da Marathi ake ciniki, da shi ake faɗa da sulhu. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum miliyan 83 ne suka tashi da harshen, shi ne na uku bayan Hindi da Bengali. Jihar ma kanta a kan harshen aka kafa ta, a 1960.

Rayuwar ma ba ta rawa da waƙa ba ce. Garin ya yi suna ne da kasuwar albasa: manomi ya loda tarakta tun asuba, dillalai su zagaye tulin suna gwanjo, farashin da aka yanke a nan har Delhi sai an ji a jika. Abincin yau da kullum gurasar gero ko dawa ce da ɗanyar albasa. Ranar bikin Pola kuwa shanun noma ba sa aiki: a yi musu wanka, a shafa wa ƙahonsu fenti, a zaga gari da su.