Lambobin da wayarka ke nunawa daga yaƙi suka fito

Jama'a, duk wanda ya turo maka lambobin GPS na wani wuri, wato lambobin da ke nuna inda wurin yake a taswira, bai faɗa maka ma'aunin da aka ɗauke su da shi ba, wato tushen awon da aka lissafa su a kansa, rabin adireshi ya ba ka. Ni dai wannan abu yana damuna, don mutane na ganin lambar GPS ba ta da tarihi.

Duniya ba mulmulalliya ba ce sarai. Shi ya sa a da kowace ƙasa ke zaɓar siffar da ta fi dacewa da ita, ta kafa tushen awonta. Na Faransa daban, na Jamus daban. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, masu harba igwa suka sha wahala, domin taswirori ba sa haɗuwa a bakin iyaka.

A watan Afrilun 1945 wata ƙaramar tawagar sojan Amurka ƙarƙashin Manjo Floyd Hough ta gano ma'ajiyar bayanan safiyo na sojojin Jamus a garin Saalfeld na Jamus. Suka kwashe kayan cikin gaggawa kafin yankin ya koma hannun Tarayyar Sobiyet. Da waɗannan takardu, da kuma aikin masana Jamusawa da aka tara a garin Bamberg, aka ɗinke awon Turai ya zama ɗaya, wanda ake kira ED50, tushensa a garin Potsdam na Jamus. A 1947 sojan Amurka suka rungumi tsarin UTM mai raba duniya yanki 60, kowane faɗin digiri 6. Su kuma Sobiyet suka riƙe nasu ma'aunin, mai suna Pulkovo 1942. Kowa na son ya san ainihin inda abokin gabansa yake, musamman da makamai masu linzami suka fara tsallaka teku. Daga nan aka yi ma'auni ɗaya na duk duniya, WGS 60, aka yi ta gyara har zuwa WGS 84 da wayarka ke aiki da shi yau.

To ina ruwanmu? Tsoffin takardun filaye a Nijeriya da ma'aunin Minna aka auna su. Ka ɗauki lambobinsu ka zuba a waya ba tare da juya su zuwa WGS 84 ba, za ta kai ka gomman mitoci nesa da turken filin, wataƙila cikin gonar maƙwabci. Don haka nake ganin bai kamata a karɓi takardar safiyo ba sai an rubuta ma'auninta ɓaro-ɓaro a kai. Ko Japan, da ta bar tsohon ma'aunin Tokyo a 2002, lambobin wurarenta sun gusa da kimanin mita 400.