Yaran gidan mari sun girma, ku ƙyale su su rubuta

Duk wanda ya tashi a cikin birnin nan na Kano ya san barazanar. Yaro ya fara kwana a waje, ko kuɗin cefane sun fara ɓacewa, ko an tsinci kwalba a aljihunsa, sai ka ji uba ya ce, "Ka ci gaba, wallahi gidan mari zan kai ka." Wasunmu tsoratarwar kawai muka sha. Wasu kuwa da gaske aka kai su, kuma da yawansu yanzu magidanta ne da iyalinsu, sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallaci. A kansu zan yi magana. Idan ɗayansu ya ɗauki biro zai rubuta abin da aka yi masa yana ƙarami, a ƙyale shi ya rubuta, a kuma karanta, a daina rufe masa baki da sunan rufin asiri.

A ƙarshen Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, manya da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. Cikinsu akwai waɗanda suka shaida wa 'yan jarida cewa har lalata ake yi da su. Kafin Oktoba ya ƙare an ga irinsa a Daura da Katsina da Zariya, har Ilori, a Nuwamba kuma Ibadan. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe gidajen mari a jihar. Kowa ya yi salati, hotuna suka zaga wayoyi, sai wani labarin ya taso ya danne wannan.

Ƙafafunsu muka gani, ba mu ji bakinsu ba. Ɗan jarida ya miƙa wa yaro makirfo na rabin minti, yaron a firgice, bai san ma ko gobe za a mayar da shi ba. Me zai faɗa? Kuma irin waɗannan gidaje ba sa ajiye rajista, babu fayil, babu katin asibiti, babu inda aka rubuta cewa wane ya shigo rana kaza da nauyi kaza ya fita rana kaza yana ɗingishi. Wanda ya rasu a ciki sai a ce wa iyayensa kwana ne ya ƙare. Shaidar abin da ya faru a bayan ƙyauren nan tana wuri ɗaya ne kacal, a cikin kan waɗanda suka rayu. Ranar da suka mutu ta bi su kabari.

Akwai wani tela da nake kai wa ɗinki. Na daɗe da lura ba ya rabo da safa, ko a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da ko hula mutum ke neman cirewa. Sai da muka saba sosai ya ba ni wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya ce in duba masa Hausar, kuma da izininsa nake wannan maganar. An kai shi yana ɗan shekara goma sha biyu, saboda gudun makaranta da 'yan ɗauke-ɗauke. Na zaci bulala ce za ta cika shafukan. Ashe abin da ya fi tsayawa a kai shi ne yadda ake haɗa yara biyu a mari ɗaya, hagunsa da damar wani. In fitsari ya kama ka cikin dare dole ka tashi ɗan'uwanka, shi kuma ya zage ka don barcin da ka katse masa shi ne kaɗai hutunsa. Sai kun koyi ɗaga ƙafa tare, in ba haka ba ƙarfen ya ci idon sawu. Ya rubuta cewa ranar da iyayen abokin marinsa suka zo suka tafi da shi ya yi kuka, ba don kewa ba, don wanda aka haɗa shi da shi daga baya ya fi shi tsawo, takunsu ba ya daidaita, gyambon ya dawo sabo.

Sai ranar ziyara. A yi musu wanka, a cire marin, a ba su dogon wando. Babarsa ta zo da garin kwaki da sukari da ƙuliƙuli a ƙunshi, ta ce, "Ɗan nan, lafiya kake dai?" Shi kuma yana kallon babban ɗalibin da ke tsaye a bakin zaure da dorina a bayansa, ya ce, "Lafiya lau, Inna." Ta tafi tana gode wa Allah yaronta ya natsu.

Babu ɗan jarida, babu kwamitin gwamnati, babu marubucin ƙagaggen labari da zai iya zaƙulo wannan. Sai wanda ya sa ƙafa a ciki.

Da yayansa ya ji labarin littafin, cewa ya yi, "Haba ƙanina, Inna na raye za ka yi mana haka? So kake duniya ta ce ita ta kai ka?" Wannan ce hujja mafi nauyi da ake kawowa, kuma ban raina ta ba. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, mutane ne da dabara ta ƙare musu. Mun ga yadda kodin da tiramol suka yi da unguwanninmu, har sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Binciken da aka yi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna a rahotonsa na 2018 cewa mutum miliyan 14.3 ke shan ƙwaya a Najeriya a lokacin. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba zai ɗauke kowa ba, ga kuma tsoron a ce ɗanka ya haukace. To ina uwa za ta nufa? Aka ce mata ga malam can yana gyara yara da karatu, ta sayar da ɗan kunnenta ta biya. Telan ma bai ɓoye wannan ba, shafi guda ya ba wa ɗan kunnen nan. Wanda ya karanta ba zai tsani Inna ba, tausayinta zai ji, domin ita ma yaudararta aka yi. Amma in aka ce ya yi shiru saboda ita, wa ya ci ribar shirun? Ba Inna ba. Wanda ya karɓi kuɗinta ya ɗaure mata ɗa shi ya ci, shi da mai irin sana'arsa da ya canja unguwa ya canja suna bayan 2019, yana jiran wata uwar.

Masu cewa gulma ce, ko tonon asirin Musulmi, su koma Suratun Nisa'i aya ta 148, inda Allah Ya ce ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Imamun Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, na farkonsu kai ƙarar zalunci, cikinsu kuma har da gargaɗin jama'a daga cutar wani. Masu cewa ana ɓata sunan tsangaya kuwa, ai Kano ba baƙuwar alarammomi ba ce, mun san malaman da suka yaye ɗaruruwan mahaddata ba su taɓa kiran maƙeri ya auna ƙafar yaro ba. Wanda ya jingina allo a ƙofar kurkuku shi ya ɓata sunan, ba yaron da ya faɗi abin da ya gani a ciki ba. Kuma kada 'yan boko su gyara zama suna murmushi. A makarantun kwana ma an yi, a gidajen marayu an yi, a gidajen kangararrun yara an yi, kuma 'yan mata sun fi kowa haɗiye nasu, don in ta buɗe baki aurenta ne zai fara girgiza. Duk inda aka tara yara aka kulle ƙofa, aka bar babba ɗaya da iko ba mai leƙa shi, abin da ke biyo baya iri ɗaya ne, ko da rawani ko da kwat.

Sai kuma 'yan "ka yafe mana, ai ya wuce". Yafiya haƙƙinsa ce, in ya ga dama ya bayar, ba kai za ka karɓa a madadin wanda ya cuce shi ba. Mutum yana iya yafewa ya kuma rubuta.

A ƙasar Ayaland, makarantun horon yara da coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati sun shekara da shekaru suna cin zalin marayu da 'ya'yan talakawa. Waɗanda suka fito suka yi ta faɗa, wasu suka rubuta tarihin rayuwarsu, aka yi ta ƙaryata su. Sai a 1999, bayan wani shirin talabijin ya haɗa muryoyinsu wuri ɗaya, firaminista Bertie Ahern ya nemi gafararsu a madadin ƙasa, a 2009 kuma rahoton kwamitin mai shari'a Ryan ya tabbatar da abin da suke faɗa tun farko. A Kanada yara kusan 150,000 'yan asalin ƙasar aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, hukumar binciken lamarin da ta yi aiki daga 2008 zuwa 2015 ta saurari sama da mutum 6,000. A duka biyun ba gwamnati ce ta wayi gari da tausayi ba, mutanen ne suka ƙi yin shiru har ta gaji. Mu nan dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 aka yi ta, Kano ba ta sa hannu a tata dokar kare yara ba sai 2023. An gode da aka yi, amma doka ba ta da ido, sai an samu mai cewa ga abin da aka yi mini, ga yadda ake yi, ga dabarar da ake rufe idon iyaye da ita ranar ziyara.

Abin da ke ba ni mamaki, garin nan ba ya rasa marubuta. Tun shekarun 1980 Kano ke buga littattafai ana kai su har Nijar da Ghana, ana karanta su a gidajen rediyo, yanzu kuma sun koma WhatsApp. An rubuta kishiya, an rubuta auren dole, an rubuta maraya a hannun matar uba. Amma kusan kullum a rigar ƙagaggen labari, inda mai karatu zai share hawaye ya ce ai labari ne. Ranar da mutum ya ce ni ne, ga ƙafata, wannan mafakar ta rushe, shi ya sa ake jin haushinsa.

Mu masu karatu ma da namu. Mutum ya zauna ya tono abin da ya hana shi barci shekara ashirin, sai ka ga ana ce masa "a ci gaba, muna jira", kamar fim mai dogon zango. Wasu su matsa sai ya faɗi dalla-dalla yadda aka yi lalatar. Wasu kuma su zama lauyoyi: ka ce shekara biyu ka yi, can kuma ka ce uku, ashe ƙarya kake. Yaron da ba shi da agogo ba shi da kalanda, da Sallah da damina yake ƙirga zamansa, ta ina zai kawo maka kwanan wata? Telan nan bai san shekarar da aka sake shi ba, amma ya san ranar ana hazo, kuma da aka cire ƙarfen ya kasa tafiya daidai don ƙafar ta yi masa sakayau.

Ban ce dole kowa ya rubuta ba. Wanda ya zaɓi ya bar nasa tsakaninsa da Ubangijinsa, ba mai ikon takura masa. Wanda kuma zai yi, ya canja sunayen yaran da suka zauna tare, don asirinsu nasu ne, ba su ba shi izini ba. Kafin ya kama sunan malami ko gida ya nemi shawarar lauya, ko ya fara kai kokensa ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke nan Kano, kada wanda ya ɗaure shi jiya ya maka shi a kotu gobe kan ɓata suna. Ya samu wanda zai riƙa zama da shi a kwanakin da yake rubutun, domin telan ya gaya mini akwai shafukan da in ya rubuta ba ya iya taka keke washegari.

Da yawansu ba su yi boko ba. Wasu sai ajami, wasu ko shi babu. Nan ne marubutanmu ke da aiki: ku je ku zauna da su, ku kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, ku rubuta yadda suka faɗa, kada ku ƙara gishiri, kada ku cusa soyayya a tsakiya don littafin ya sayu. Ku karanta masa abin da kuka rubuta kafin a buga, ya cire abin da bai yarda da shi ba. Sunansa ko laƙabin da ya zaɓa shi za a sa a bango, kuma in kuɗi sun shigo a fara ba shi nasa.